Da Esivi da Labarin Ƙasusuwa

Da Esivi ta rasu a farkon daminar bana. Har yanzu idan na fito da tukunyar koko da safe, hannuna da kansa yake ajiye ta nesa da bango, don in bar mata wurin teburinta. Ni ce Asiyatu mai koko, ta bakin hanyar kasuwar shanu a unguwar Zongo ta Lome. Ban yi nisa a boko ba, amma na ga gara in rubuta abin da na sani game da ita tun ina tunawa daidai, kafin mutane su fara ƙara wa labarin gishiri.

Kirista ce, 'yar ƙabilar Ewe, amma ba ta da wani gari sai Zongo. Babanta kafinta ne da ya kama haya a tsohon Zongo na cikin gari. Da aka rushe unguwar aka kwaso mu zuwa nan, danginsa suka ce ya koma unguwar Hanoukopé cikin 'yan'uwansa. Ya ce masu sayen bencinsa da akwatunansa sun hau mota, shi ma mota zai hau. Haka Esivi ta girma a cikinmu. Hausarta ta fi ta wasunmu, balle idan faɗa ya tashi. “Da” a yarensu yaya ke nan, kuma tun muna yara haka nake kiranta, don ta girme ni kaɗan. Ita kuma Asiya take ce mini.

Kom take sayarwa, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, da soyayyen kifi da barkono baƙi. Teburinta na jikin nawa. Mahauta da direbobi su sha koko a wurina da sassafe, rana ta ɗaga su dawo wurinta. Ba wanda ya taɓa shakkar tukunyarta. Ko kaza za ta ci a gidanta, sai ta aika wa malamin unguwarmu, Malam Ikrima, ya yanka, wai kada wata rana ɗan maƙwabta ya shigo ta rasa abin ba shi. Idan azumi ya kama, ba ta kai loma bakinta a gabanmu, sai ta zaga bayan shagon mai walda. Ran Sallar layya kuwa naman da ke shiga gidanta ya fi nawa, har ina yi mata tsiya ina cewa ta musulunta kawai a huta. Sai ta ce, “In na musulunta wa zai kawo miki shinkafar Kirsimeti? Kwaɗayayya.”

Mijinta direba ne, ya rasu yaransu na ƙanana. Biyu ya bar mata, Mawuse da ƙanenta Dodzi. Mawuse da sikila aka haife ta. Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san ba a fata yake ba, a cikin ƙashi yake. Idan hadari ya haɗu iska ta yi sanyi, yarinyar sai ta fara riƙe gwiwa. Esivi ta bar mini teburin ta ruga gida, ta ɗumama man kaɗanya, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana matsa mata gaɓa bayan gaɓa. Na sha shiga in same su a haka. Ta san ƙasusuwan yarinyar nan kamar yadda na san ludayina, ta san wanda ke fara ciwo da wanda ke bin sa.

Duk da haka Mawuse ta yi girma, ta koyi ɗinki, ga dariya da tsokana. Ita ta ɗinka mini rigar sunan jikana na fari, ta matse ta da gangan wai in rage cin ƙosai. Ba ta daɗe da wuce shekara ashirin ba ciwon ya tashi bai kwanta ba, ta rasu.

A al'adarsu gawa takan yi makonni a ɗakin sanyi na asibiti, har dangi su taru a shirya biki. Esivi ta ƙi. Ta ce, “Yarinyar da sanyi ya wahalar duk rayuwarta, ba zan sa ta a ƙanƙara ba.” Dangin uban suka yi ta ƙorafi wai zaman Zongo ya ɓata ta. Ba ta kula su ba, washegari aka binne Mawuse a maƙabartar cocinsu.

Cocin ƙarami ne, yana bayan unguwa, kuma suna da wani abu da suke yi ran Ista, wanda su suke kira Pak, ranar da suka ce Yesu ya tashi daga matattu. Da asuba suke fita cikin fararen kaya, da fitilu da ganguna, amma ba a kiɗa. A maƙabartar akwai wani ginannen kabari da aka yi wa wani mutum, ya je ya mutu a wata ƙasa ba a dawo da shi ba, ya zama ba kowa a ciki. Jama'a za su tsaya a bakin ƙofa, mata uku su shiga su leƙa kabarin nan su dawo. Pasto ya tambaye su me suka gani. Babbar cikinsu ta amsa, “Mun duba, ba kowa a ciki. Ya tashi.” Sai a saki ganguna.

Shekarar da Mawuse ta rasu aka ba Esivi wannan amsa, kuma ta riƙe ta shekaru da yawa. Wata rana muna ɓare albasa ta ce mini, “Asiya, ba jama'a nake gaya wa ba. Mawuse nake gaya wa, tana nan kwance a bayana. Idan shi ya fita daga nasa kabarin da jikinsa, ita ma za ta fita daga nata. Ƙasusuwan nan da na matsa, su za su tashi, ba ciwo.” Da wannan take rayuwa. Ban taɓa ganin ta yi kukan Mawuse a gaban mutane ba bayan makoki.

Shekara uku da suka wuce, ana cikin azuminsu na kafin Ista, Dodzi ya tsaya cin abinci a teburin. Zemijan yake ja, wato babur na haya, kuma a tasharsu ba abin da ba a turawa a waya. Yana ci yana kallon wani bidiyo a waya, sai ya ce, “Mama, kin ga abin da Turawa suka fito da shi kuma?” Ba da mugunta ya yi ba, dariya ma yake yi.

Da Faransanci ake maganar, shi yana fassara mana. Wai masu tonon kayan mutanen da sun buɗe wani kogo kusa da Ƙudus, sun sami akwatunan dutse irin waɗanda ake zuba ƙasusuwan matattu. Wai a jikin ɗaya an kankare suna, Yesu ɗan Yusufu, a jikin wani kuma Maryamu. Mai maganar ya ce ke nan mutumin bai tashi ba, ya ruɓe kamar kowa. Dodzi ya ce tsohon labari ne, duk shekara idan Ista ta matso sai a sake yaɗa shi.

Esivi ta goge hannu a zane ta karɓi wayar. Ta ce ya mayar mata wurin akwatin. Ya mayar. Ta ce ya sake.

“Ɗan ƙarami ne,” in ji ta.

“Ai ƙashi kaɗai ake sawa, Mama.”

Ta miƙa masa wayar. Ni na lura kifin ya fara ƙonewa, na kwashe mata.

Kwanakin da suka biyo ta ci gaba da fitowa, amma ba ta tanka wa kowa. Mahauci ya tsokane ta, ta zuba masa barkono ba ta ɗago ba. Ashe labarin ya zaga cocinsu. Ran Lahadi Pasto, wani saurayi mai zafin rai, ya hau ya yi faɗa sosai, ya ce aikin Shaiɗan ne, duk mai shi a waya ya goge, kada kowa ya kalla. Na tambaye ta ko hankalinta ya kwanta. Ta ce, “Cewa ya yi kar a kalla. Ni na riga na kalla.”

Matan cocin kuwa dariya suka mayar da abin. Wata ta ce Turawa ƙoshi ne ke damun su, sun rasa aikin yi sai tonon kabari. Wata ta ce ko sun kawo akwatin Lome sun ajiye a gabanta, ita rawarta za ta yi ran Ista. Esivi ta ce mini, “Na so in zama kamar su. Amma su ba su da kowa a maƙabartar nan sai kakanni.”

Wanda ya zauna da ita da gaske shi ne Fo Mensa, shugaban mawaƙan cocinsu, tsohon malamin makaranta. Ya zo har tebur, na ba shi benci. Ya ce mata sunayen nan a wancan zamani kamar Ayouba da Salamatou ne a Zongo, kowane gida akwai. Ya ce, “Da za a tono maƙabartar Zongo a ga an rubuta Isa ɗan Yusufu, mutum nawa ne za su ce kakansu ne?” Ya ce ko a cikin masu tonon ma da yawa ba su yarda da labarin ba. Na ga fuskarta ta fara saki. Da ya tsaya nan da ya gama aiki. Amma malamin makaranta ba ya barin magana da saura. Ya ƙara da cewa, ko da a ce gaskiya ne, ba komai, ai ruhunsa ne ya tashi, jiki kuwa riga ce kawai.

Esivi ta dube shi ta ce, “Fo, ni ba iska na binne ba. 'Yata na binne, da hannuwanta da gwiwoyinta.”

Washegari ba ta fito ba. Na same ta a ɗaki kwance, ta juya wa ƙofa baya. Ta ce ta aika wa Pasto ya nemi wata matar ta ba da amsa bana.

“Ba zan tsaya a ƙofar maƙabarta in faɗi abin da ban tabbata ba, ga yarinyar kwance tana ji. Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ko lokacin da likita ya ce ba sauran dabara, da ta tambaye ni na gaya mata.”

Pasto ya aiko cewa ba zai ba kowa ba sai ran Asabar, ta yi tunani. Dodzi ya bar aiki yana zaune a ƙofar gida kamar wanda ya kashe mutum. Abincin da na kai, yadda na ajiye haka nake ɗaukewa.

To, a Zongo ba a barin mutum ya rufe kansa a ɗaki. Ko mutuwa ce, ko saki, ko ɓari, mata sai sun ɗauki tabarmi sun je sun zauna masa, ko yana so ko ba ya so. Mai jan gaba a irin wannan ita ce Hajiya Zuhura, mai sayar da atamfa, mace mai jiki da murya, wadda ba a gaisuwar da za a yi ba ita. Labari ya kai mata a karkace, wai an tono ƙasusuwan Ubangijin su Da Esivi, shi ya sa ta kwanta. Hajiya ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta tafi wurin Malam Ikrima ta yi tambaya, ta dawo tana murna ta ce mu shirya, ta samo magani.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a muka tafi, mu wajen takwas, da masa da fura. Ba wadda ta tuna a cikinmu cewa wannan Juma'ar ce babbar ranar baƙin cikinsu, ranar da suka ce an gicciye shi. Muka shimfiɗa tabarmi muka cika ɗakin. Aka gaisa, ta amsa daga kwance.

Hajiya ta gyara zama ta ce, “Esivi, tashi ki zauna, da albishir muka zo. Ni da kaina na je wurin Malam. Ya ce labarin nan ƙarya ne tsagwaronta. Ba ƙashin Annabi Isa a cikin ƙasa, ko na ɗan yatsa.”

Esivi ta juyo. Rabon da in ga idonta ya yi haske haka tun ranar wayar.

“Malam ne ya ce haka?”

“Har da rantsuwa. Ya ce duk wanda ya ce ya tono, maƙaryaci ne, ko daga wace ƙasa ya fito.”

Ta tashi zaune a hankali. Salamatou, ɗaya daga cikin matan, ta miƙa mata kofin fura, ta karɓa.

Hajiya ta ga magani na ci, sai ta ƙara. “Ai abin a fili yake. Ta ina za a sami ƙashin wanda bai mutu ba? Ba a kashe shi ba, ba a rataye shi ba. Allah ne ya ɗauke shi da ransa, lafiyarsa ƙalau. Kabari ma bai taɓa shiga ba.”

Matan suka amsa, “Ƙwarai kuwa.” “Haka yake.”

Esivi ta ajiye kofin a ƙasa.

“Hajiya, me kika ce?”

“Na ce bai mutu ba. Ki kwantar da hankalinki.”

“Ya mutu.”

“A'a, Esivi, ai shi ne nake gaya miki...”

“Ya mutu, Hajiya! Yau ma ce ranar!”

“Haba baiwar Allah, mu da muka zo taya ki, ke kuma kina so ki kashe shi?”

Ban san inda ta sami ƙarfi ba, matar da ta yi kwanaki ba ta ci ba. Sai ga ta a tsaye, zanenta na zamewa tana riƙewa da hannu ɗaya.

“An buga masa ƙusa, an soke shi, uwarsa na tsaye tana kallo ba ta iya yin komai. Ni na san wannan tsayuwar. An sauko da shi jikinsa ya yi sanyi, an naɗe shi an sa a kabari an rufe. Idan bai mutu ba, me ya sani game da Mawuse? Me ya haɗa shi da ita? Ya mutu yadda ta mutu, ya kwanta yadda ta kwanta, sannan ya tashi!”

Ta tsaya tana haki, tana kallon mu kamar ba ta san daga bakin wa maganar ta fito ba.

Salamatou ce ta fara magana, ƙasa ƙasa. “To, ga marar lafiya ta fi masu dubiya ƙarfi.”

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Hajiya ta ɓata rai ta ce a miƙo mata takalmanta, ita ba a taɓa yi mata tsawa a gidan gaisuwa ba. Aka riƙe ta. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi, can sai ita ma dariya ta ƙwace mata.

“Ke dai Esivi ba ki da kirki,” in ji ta. “Ke kin ce ya shiga ya fita, mu mun ce bai shiga ba. Wannan Allah zai raba mu ran gobe. Amma ko ta wace hanya aka bi, kabarin ba kowa a ciki. Zauna ki ci masa kafin ta huce.”

Esivi ta zauna. Ta ci masa uku, ta shanye furar. Aka koma hirar tsadar gawayi da auren 'yar Salamatou, har la'asar ta yi suka tashi. A bakin ƙofa Hajiya ta juyo ta ce, “Ran Litinin in ban ga kom a bakin hanya ba, zan dawo da Malam ɗin da kansa.”

Ni na tsaya ina tattara kwanuka. Esivi ta ce, “Asiya, kada ki ɗauka na warke. Akwatin nan yana nan a idona.”

“To me ya sa kika kusa cinye Hajiya?”

Ta yi ɗan murmushi. “Ban sani ba. Na ɗauka abin ya fita daga cikina gaba ɗaya. Da ta taɓa shi, sai na ji yana nan.” Ta ƙara da cewa, “Ni ba zan iya zuwa Ƙudus ba. Ko na je, ba zan iya karanta abin da ke jikin dutse ba. Su ma da suka karanta, ba su tambayi mai ƙashin ko shi wane ne ba. Kowa dai da inda ya jingina.”

“Za ki je jibi?”

“In za ki raka ni.”

Na gaya wa maigidana, Ayouba. Ya ce in je, amma in tsaya a waje. Da ma mu mata ba mu shiga maƙabarta. Ran Asabar ta aika Dodzi wurin Pasto cewa za ta ba da amsar, ni kuma na zuba gawayi a dutsen guga na goge mata farin zanenta da ɗankwali.

Ran Lahadi ina idar da sallar asuba na fita. Na same su sun jeru a bakin cocin, fari fat, kowa da fitila ko kyandir a cikin gwangwani. Ba mai magana, sai ƙarar takalma. Na bi su a baya da hijabina mai ruwan ƙasa, wasu na waiwayowa suna gaishe ni da kai, don duk sun san ni. Da muka isa, na tsallaka hanya na tsaya gindin wani mangwaro, inda nake hango ƙofar.

Matan uku suka shiga, Esivi a gaba. Gari ya fara wayewa, ana ganin fararen kayansu suna tafiya tsakanin kaburbura har suka ɓace bayan bango. Jim kaɗan biyu suka dawo suka tsaya daga ciki, ba ita. Jama'a suka fara duban juna. Masu ganguna sun ɗaga sanduna sun gaji sun sauke. Na ga Dodzi yana son ya shiga, Fo Mensa ya riƙe masa hannu. Daga baya ta gaya mini, da ta leƙa kabarin da ba kowa, sai ta wuce wurin Mawuse ta durƙusa, ta dafa ƙasar da tafin hannu, ta gaya mata duk abin da ya faru, har da akwatin, har da Hajiya.

Can sai ga ta tana tahowa, gwiwoyin zanen da na goge sun yi ja da ƙasa. Ta tsaya a gaban Pasto. Ya ɗaga murya da yarensu ya yi tambayar, me kuka gani. Ina jin Ewe daidai gwargwado, kuma wurin ya yi shiru har ina jin kukan zakara daga unguwa.

Da ta buɗe baki kuma ba da ƙarfi ta yi ba, kuma ba yadda aka saba ba.

Ta ce, “Na duba da idona, ba kowa a ciki. Sauran ban gani ba, amma na yarda. Ya tashi.”

Pasto ya tsaya yana kallon ta. Na ɗauka zai ce ta sake faɗa daidai. Sai ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu, ganguna suka fashe gaba ɗaya. Mata suka ɗau guɗa suna kaɗa fararen ƙyallaye, aka juya aka nufi coci da rawa. Ita ba ta yi rawa ba. Ta tsallako hanya ta zo wurina, ta kama hannuna ta riƙe, muka bi bayansu a hankali har mararrabar da zan karkata zuwa gida.

Ran Litinin ta kafa teburinta. Hajiya Zuhura ta aiko a saya mata kom, ta ce a gaya wa Esivi ta cika barkono, tun da bakinta ya nuna tana da shi da yawa.

Ta sake ba da amsar nan a Ista biyu bayan wannan, kuma kullum da ƙarin nata. Wasu tsofaffin cocin sun yi gunaguni cewa ba haka aka gada ba, Pasto ya ce a bar ta. Bana ta ba da ita da sanda a hannu, don ciwon ƙoda ya riga ya kama ta, ƙafafunta sun kumbura. Bayan Ista da kaɗan aka kwantar da ita a asibiti.

Ina zuwa kullum bayan na tashi daga kasuwa, in kai mata koko marar sukari. Wata rana da yamma, tana jingine da filo, na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba tun wancan lokaci. Na ce, “Da, akwatin nan fa?”

Ta ce, “Yana nan. Wata rana ya yi girma, wata rana ya ƙanƙance. Na saba da shi kamar maƙwabci marar kirki.” Ta kurɓi kokon ta yamutsa fuska. “Ba komai. Na kusa zuwa in duba da kaina. Ke da Hajiya sai ku jira.”

Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce in daina kawo mata koko kamar ruwan wanki.

An binne ta kusa da Mawuse. Matan Zongo mun cika hanyar maƙabartar daga waje, Hajiya na kuka fiye da kowa. Tun ranar nake rasa irin addu'ar da zan yi mata, don an koya mana tamu, an kuma koya mana iyakarta. Idan na idar da salla na ɗaga hannu, abin da nake iya cewa shi ne, ya Allah, kai ka halicci Esivi, ka san ta fiye da yadda na san ta, ka kuma san abin da ta tafi tana sa rai.